Bayan Makon Farko, Wa Ya Rage a Bakin Gado?

Jama'a masu sauraro, na Hausa Zango da Sabonjida da Aboabo da Lamashegu, da sauran unguwannin Tamale, har zuwa Savelugu da Yendi da Walewale da duk inda muryar nan ta kai. 

Maganata ta yau daga cikin wayata ta faro. Watannin baya, bayan sallar isha'i, wani saƙon murya ya faɗo zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantar Islamiyyar da muka yi tun muna yara. Zaure ne irin wanda kowa ya sani: gaisuwar Juma'a, katin ɗaurin aure, sanarwar suna, gardamar ƙwallo, wani lokacin ta siyasa har sai shugaban zaure ya tsawatar. Muryar ta mace ce, kuma ba 'yar zauren ba ce. Uwargidan ɗaya daga cikinmu ce ta ɗauki wayar mijinta. Ta yi sallama, ta nemi afuwar shigowa cikin maza ba izini, sannan ta ce maigidan yana kwance a asibiti, likitoci sun ce ƙodojinsa duka biyu sun gaza, sai an fara yi masa wankin ƙoda. Ko kwabo ba ta roƙa ba. Cewa ta yi a taya su da addu'a.

Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi unguwarsu ba. Ku dai sani tela ne, mutum ne mai kunya, irin wanda zai ɗinka maka kayan salla ya kasa tuna maka cikon kuɗinsa.

Abin da na gani a daren nan ba zan manta da shi ba. Zauren da kan kwana biyu ba wanda ya ce uffan ya koma kamar kasuwar Aboabo ana jajiberin salla. Wannan ya ce a ba da lambar momo, wato asusun tura kuɗi ta waya, wancan ya ce yana kan babur zai nufi asibitin yanzu. Waɗanda rabonmu da jin ɗuriyarsu tun suna samari suka ɓullo, daga Kumasi, daga Nima a Akara, daga Bronx ta Amurka, daga Hambog ta Jamus, daga Saudiyya. Kowa ya tura sai ya rubuto, "Ga tawa 'yar kaɗan, Allah ya ba shi lafiya." Wani mai tuƙa keken haya na yalo-yalo ya turo cinikinsa na ranar gaba ɗaya. Washegari da aka ce ana bukatar jini, samari suka tafi suka miƙa hannu, har da waɗanda ba su taɓa ganin mara lafiyar ba, sun dai ji an ce abokin yayansu ne. Wallahi na yi alfahari da mutanenmu, kuma har yanzu ina yi.

Wannan hali ba waya ce ta koya mana shi ba. Iyayenmu na Zango sun san shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci bayan an idar da Juma'a, liman ya ce akwai ɗan'uwa a kwance, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Iyayenmu mata sun san adashi da susu, sun san a ce wa mai kwasa ta haƙura wannan karon a ba wadda ɗanta ke asibiti. Hanyar ce kawai ta sauya. A 2009 kamfanin MTN ya kawo momo ƙasar nan ta Ghana, a 2018 aka haɗa layuka ta yadda mai wannan layi zai tura wa mai wancan kai tsaye. Daga watan Mayun 2022 aka ɗora harajin E-Levy, wanda ya riƙa taɓa har kuɗin sadaka idan abin da mutum ya tura a yini ya haura sidi 100, kafin a soke shi a watan Afrilun 2025. Yau tabarmar ƙofar masallacin nan tana cikin aljihun kowa, kuma bakinta ya kai har ƙetaren teku.

To amma ga abin da ya sa na zo da maganar gaban makirfo. Mako na farko, zaure ya cika. Mako na biyu, aka ragu. Zuwa mako na huɗu gardamar ƙwallo ta dawo, katunan biki suka binne saƙon baiwar Allah nan can ƙasa. Ba mugunta ba ce, ni ma ina cikin waɗanda suka yi shiru. Kowa ya bayar, kowa ya ji a ransa ya sauke nauyi, kowa yana da nasa gidan da nasa kuɗin makarantar yara. Mu a tunaninmu an gama. Ashe a lokacin ne ciwon ya fara.

Mun saba da cutar da ake yi wa taron dangi sau ɗaya: haɗarin babur, tiyatar haihuwa, karaya. A tara kuɗi, a yi aiki, a sallami mutum, a je barka. Ciwon ƙoda ba haka yake ba. Injin ne ke yin aikin da ƙodar ta daina, yana tace jinin mutum na tsawon kamar awa huɗu, kuma bayan kwana biyu ko uku dattin ya sake taruwa. A ƙa'ida sau uku ake so a yi a mako, da yawa a ƙasar nan sau biyu suke iya yi. Babu ranar da za a ce an kammala, sai dai in an sami dashen ƙoda, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Bari in ba ku lissafi kaɗan, don a ji nauyin abin. A 2023, lokacin da asibitin Korle Bu na Akara ya sanar da ɗaga kuɗin wankin ƙoda daga sidi 380 zuwa sama da 765, ƙasar nan ta ɗauki zafi har aka janye. A 2024 farashin ya tsaya a sidi 491 kowane zama. A shekarar ta 2024 mafi ƙarancin albashin yini a Ghana sidi 18 ne da 'yan pesuwa 15. Ma'ana, zama ɗaya a kan injin nan daidai yake da ladan kwana 27 na ƙaramin ma'aikaci. Zama ɗaya fa. Ga kuma mai bukatar takwas ko fiye a wata.

Gaskiya ne an sami sauƙi daga baya, kuma ya kamata a faɗa. A watan Yunin 2024 hukumar inshorar lafiya ta fara ɗaukar nauyin wani kaso na wankin ƙoda a wasu manyan asibitoci, har da Asibitin Koyarwa na Tamale, a watan Disamba kuma aka sanar da mai da shi kyauta ga masu katin inshora. A 2025 gwamnati ta kafa asusun tallafin jinya da ake kira MahamaCares, domin cututtuka masu cin dukiya irin su ƙoda da daji da zuciya. Duk iyalin da ke da irin wannan mara lafiya su je su tambaya, su nace, haƙƙinsu ne. Sai dai wanda ya taɓa jinya ya san kuɗin injin wani yanki ne kawai na ɗawainiyar. Akwai gwaje-gwajen jini. Akwai magungunan da za a rubuta a ce a sayo a waje. Akwai abinci na musamman, ba gishiri, ba kaza ba kaza, wanda tukunyarsa daban take da ta gida. Akwai kuɗin mota. Mu na cikin gari yalo-yalo ne, amma ku tuna asibitin nan na Tamale da aka buɗe tun 1974 shi ne madogarar arewacin ƙasar nan kusan baki ɗaya. Mutumin Bimbila ko Salaga ko Damango ko Gushegu, sau biyu a mako zai biya mota shi da mai raka shi, ko kuma ya tattaro ya kama ɗaki a Tamale ya bar gonarsa. Sama da duka, keken ɗinkin nan ya tsaya, ba abin da ke shigowa.

Abin da ya farkar da ni, wata ranar Talata ce na bi ta layinsu da sassafe. Uwargidan tasa koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, shekara da shekaru. Na tarar da wurin wayam, teburin a kife, murhun ya yi sanyi. Na ƙarasa gidan. Ta fito ta durƙusa ta gaishe ni, na ga ta zabge kamar ita ce mara lafiyar. Na ce, "Maman yara, ya mai jiki? Ya kuma ƙarfin hali?" Ta ce, "Da sauƙi, Yaya, mun gode Allah, mun gode muku. Abin da kuka yi mana sai dai Allah ya biya." Na tambayi sana'a. Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, koko da asuba ake dama shi, ni kuwa da asuba nake shirya shi mu tafi layin asibiti. Wa zan bar wa?" Na ce kuɗin da aka tara fa? Ta ce sun ƙare tun makonni uku da suka wuce, ta sayar da zannuwanta na aure, ta ji kunyar sake ɗaukar wayarsa ta yi magana, kada a ce sun mai da mutane saniyar tatsa.

Jama'a, wannan kalma ta tsaya mini a rai. Mu da muka yi ta yabon kanmu a zaure, ba wanda ya tambayi wa ke kwana a zaune, wa ke wanke shi, wa ke dafa wa yara, wa ke kai ƙaramar makaranta. Duk addu'armu a kan mara lafiya take, mai jinya kuwa ba mai tunawa da ita. Kuma a gidajenmu, mu faɗi gaskiya, mai jinyar nan kusan kullum mace ce: mata, ko uwa, ko 'ya, ko ƙanwa. Ita ce sana'arta ke mutuwa, ita ce barcinta ke ƙaura, wani lokacin 'yar da ke aji na ƙarshe a sakandare ce za a ce ta dakata ta kula da baba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Momo ta kai kuɗi, amma ba ta riƙe wa mace kasko, ba ta zama da mara lafiya awa huɗu a gefen inji don matarsa ta samu ta runtsa.

Da na koma na faɗa wa 'yan'uwa abin da na gani, ba wanda ya yi musu. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya daɗe yana riƙe wa 'yan kasuwa susu, shi ya kawo shawarar da ta fisshe mu. Ya ce mu daina jiran sai zuciya ta motsa, mu mai da abin adashi. Kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa duk ƙarshen wata ba tare da ya cuci gidansa ba, ko sidi 10 ne, ko 20, ko 50, a rubuta, ya zama alkawari. Ya ce gara sidi 20 da za ta zo wata goma sha biyu a jere da sidi 200 da za ta zo sau ɗaya ta ɓace. Waɗanda ba su da kuɗi aka ce su kawo abin da suke da shi. Mai yalo-yalo ya ɗauki kai shi da dawo da shi ranar Litinin. Wasu biyu suka raba ranar Alhamis. Matanmu suka tsara wadda za ta riƙa zama a teburin koko da safe har uwargida ta dawo. Wani tela abokin sana'arsa ya karɓi yaran shagon da ɗinkunan da aka bari, yana kai wa gidan rabonsu. Tun daga lokacin zauren bai sake yin irin cikar daren farko ba, amma tukunyar gidan ba ta sake yin sanyi ba.

Akwai batun amana, kuma dole in taɓa shi, domin nan ne irin wannan alheri ya fi lalacewa. Kuɗin jama'a idan ya shiga wayar mutum ɗaya ya gauraya da nasa, ko waliyyi ne sai an yi zarginsa, kuma da zarar zargi ya shigo, hannaye sun koma aljihu. Mu mutum uku muka sa: mai karɓa, mai rubutawa, mai kaiwa. Duk ƙarshen wata a sa lissafi a zaure, abin da ya shigo da abin da ya fita, da hoton rasit. Wanda ya ce kada a bayyana sunansa, a rubuta "wani bawan Allah". Sannan ku kula da 'yan damfara, domin sun gane tausayinmu kasuwa ne. Za ka ga hoton yaro a kwance ana yawo da shi daga zaure zuwa zaure, an sauya lambar da ke ƙasa, alhali hoton na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Kafin ka danna lambobin sirrinka, momo tana nuna maka sunan mai karɓa. Tsaya ka karanta. Ka tambayi wanda ya turo maka: ka san su? Wane asibiti, wane ɗaki? In a Tamale ne, a tashi mutum ya je ya gani da idonsa. Wanda ke da gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Wani abin da ke damuna ƙwarai shi ne hoto. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, haka ne, mai neman taimako dole ya faɗi damuwarsa. Amma faɗin damuwa daban, tsiraita mutum daban. Sau nawa muka ga an ɗauki dattijo ba riga, da robar fitsari a gefe, ko mace a halin da ko 'ya'yanta ba za ta so su gan ta ba, an watsa a Facebook da TikTok don a motsa zukata? Mutumin yana cikin magagin ciwo, ba a tambaye shi ba. Gobe in Allah ya tashi kafaɗunsa, da wane ido zai shiga masallacin unguwa? In kuma ta Allah ta kasance, hoton da marayunsa za su riƙa cin karo da shi ke nan. Ɗan'uwanmu tela ya roƙi kada a sa hotonsa, muka kiyaye, kuma ba a fasa taimakonsa ba. Takardar likita da shaidar mutum biyu da aka yarda da su sun wadatar. Sutura ma sadaka ce, kuma ita ba ta cin ko sidi ɗaya.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Kano, marubuciya Fauziyya D. Sulaiman ta shafe shekaru tana amfani da shafinta na Facebook wajen tara wa marasa lafiya da marayu taimako, har aka san ta da wannan aiki a ƙasar Hausa. A nan gida muna da Asusun Zakka da Sadaka na Ghana, wanda 'yan majalisa Musulmi suka assasa. Ina kira ga malamanmu da limamanmu na Tamale su riƙa tuna wa masu hali cewa iyalin da jinya ta cinye jarinsu sun shiga sahun masu cin zakka, ko da jiya su ne masu bayarwa. Sau da yawa irin waɗannan gidaje ne ba sa iya buɗe baki.

Duk da haka kada mu yarda a bar wa zaurukan waya aikin da yake na hukuma. Manyanmu suna tuna zamanin kash-an-kari, lokacin da sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa ka, wanda dokar inshorar lafiya ta 2003 ta zo don ta kawar. Idan har yau rayuwar mutum ta dogara da yawan abokan da yake da su a Jamus, to da sauran aiki. Telanmu ya yi sa'a yana da zaure. Manomin da ke wani ƙauye bayan Karaga, wanda wayarsa ko hoto ba ta ɗauka, wa zai tara masa? Shekara da shekaru mai ciwon daji daga arewa, in ana bukatar a gasa masa wurin da na'ura, sai ya nufi Komfo Anokye a Kumasi ko Korle Bu a Akara, tafiyar ɗaruruwan kilomita, ya nemi wurin kwana a garin da ba shi da kowa. Waɗannan su ne tambayoyin da ya kamata mu riƙa yi wa 'yan majalisarmu idan sun zo gaisuwar salla ko neman ƙuri'a, da irin zafin da muke tara gudummawa.

Akwai kuma ɗan abin da ke hannunmu tun kafin a kai ga kwanciya. Da muka bincika a zaurenmu, mutane da dama katin inshorarsu ya mutu ba su sani ba, alhali tun ƙarshen 2018 ana sabunta shi ta waya, a danna *929# a biya da momo. Yanzu shugaban zaurenmu kan tuna wa kowa. Hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, kuma sukan yi shekaru suna ɓarna mutum bai ji komai ba. Telanmu ya daɗe yana fama da ciwon kai, yana sayen ƙwayoyin kashe zafi a kemis yana haɗawa da jiƙe-jiƙen da ake talla a mota, bai taɓa auna jininsa ba. Awon nan minti biyu ne. Ranar da muka je dubiya mu da yawa, wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwarmu ta zo da abin awo ta bi mu ɗaya bayan ɗaya a tsakar gidan, kuma a cikinmu aka sami waɗanda ta ce lallai su ga likita a makon.

Jiya da yamma na leƙa telanmu. Ya rame, amma yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, yana nuna wa babban ɗansa yadda ake yanka wuyan riga. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ka gaishe mini da jama'a, ka ce ina jin duk abin da ake yi." Uwargida ta koma teburinta kwana huɗu a mako. Wata na gaba ɗaya daga cikin masu kai shi ranar Alhamis zai tafi Techiman aiki, don haka gurbin a buɗe yake, kuma na san 'yan zaurenmu da yawa suna sauraron shirin nan. Da ƙarfe biyar da rabi na asuba ake ɗaukarsa.